Amsa ga mai tambayar zaman Sakkwato ba tare da mota ba

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, ba ka da mota, iyali za su biyo ka daga baya, kana son sanin ko zaman zai yiwu ba tare da albashi ya ƙare a hanya ba. Zai yiwu, mutane da yawa haka suke zaune a garin. Amma tun wajen kama gida za ka fara lissafin, don shi ne zai yanke maka abin da za ka riƙa kashewa kullum.

Tsohon gari, wajen Kanwuri da Hubbare da tsohuwar kasuwa, a haɗe yake, mutum zai iya biyan buƙatunsa da ƙafa. Wuraren aiki ne suka watsu. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana Dundaye, sai an ƙetare gulbi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da kwalejin ilimi ta Shehu Shagari suna wajen Farfaru, jami'ar jiha tana hanyar filin jirgi, kamfanin siminti yana Kalambaina, asibitin koyarwa kuma yana wajen Gawon Nama. Ba ka faɗi inda ofishinku yake ba, don haka ga ma'aunin: nemi gidan da hawa ɗaya zai kai ka aiki. Idan gidan da ka samu mai arha sai ka yi hawa biyu, ka ƙara wa kanka hawa biyu ke nan a kowace rana, zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 hawa 44 ne a wata, 528 a shekara. A ce kowane hawa naira 300 ne, misali kawai, ka biya 158,400 a shekara bayan kuɗin haya. Sau da yawa wannan ya fi rangwamen da ka samu a gidan. Ban da haka, ka duba nisan ƙofar gidan da kwalta. Idan ya wuce tafiyar minti goma cikin rairayi, mai Keke Napep zai ƙara maka kuɗi ko ya ƙi shiga, kuma da damina abin ya fi muni. Wasu sassan Mabera sun yi suna wajen kwanciyar ruwa, don haka kafin ka biya dillali ka dubi gindin katangun layin, shatin ruwan bara yana nan, sannan ka tambayi mai shagon unguwa maimakon wanda ke son ya ba ka gidan. Mai aiki a jami'a ya nemi wajen Runjin Sambo ko kusa da Dandima, inda ake hawan motocin shiga makaranta.

Abin hawa biyu ne za su riƙe ka: babur na haya, wanda a nan ake kira kabu-kabu, da Keke Napep, da za ka ji ana ce masa agwagwa da buje. Akwai motocin haya, amma ba su da tsayayyen lokacin da za ka ɗora zuwa aikinka a kai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin hawa yake bin farashin lita, shi ya sa ba zan rubuta maka kuɗin ko'ina ba, kafin ka iso ya sauya. Abokan aikinka za su gaya maka na ranar. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka faɗi wurin da alamar da aka san shi da ita, shataletale ko gidan mai ko masallaci, don lambar gida ba ta kai kowa ko'ina. A keke ka bayyana tun farko ko shata ka ɗauka ko zai ɗebi wasu a hanya, nan ne rigima ta fi tasowa wajen sauka. Ka riƙe canji. Taransifa tana yi, amma ranar da sabis ya tsaya kai da direban za ku tsaya cikin rana.

Kabu-kabu ya fi sauri kuma yana shiga lungu, sai dai a kula da abubuwa uku. Babbar riga ko dogon hijabi a tattara a ɗora kan cinya kafin a tashi, don bakin tufa yana shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya ya fizgo mutum ƙasa. A sauka ta hagu, salansa tana dama, ƙunarta a ƙwauri tana daɗewa ba ta warke ba. Yaron da ka ga yana gudu yana kurɗawa tsakanin tireloli, musamman a hanyar Kalambaina da hanyoyin bayan gari, ka ce ya tsaya ka biya shi ka sauka, babu kunya a wannan.

Abin da ya fi sauƙaƙa rayuwa shi ne ka yi naka mai keke. Cikin makonnin farko ka lura da wanda ke tuƙi a natse, ɗan unguwarku wanda aka san gidansu, ka karɓi lambarsa. Ka samu mutum biyu, don ɗaya zai yi faci ko ya tafi ƙauye. Wajen kai yara makaranta ana yin yarjejeniyar wata, amma kada ka biya duka a gaba, ka raba biyu ko ka biya mako-mako, ku kuma yi magana a kan yawan yaran da zai ɗauka. In ba haka ba za ka tarar ya cusa yara takwas, wasu a gefen direba. Idan uwargida tana da juna biyu ko akwai mai ciwo a gida, tun da rana tsaka za ka shirya wa dare: mai keken da ya yarda a tashe shi, da maƙwabci mai mota da ka riga ka gaya wa. Bayan ƙarfe goma abin hawa yana wuya a unguwannin gefe.

Sai rana, wadda baƙo ya fi rainawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40. Kilomita ɗaya da ƙafa minti 12 zuwa 15 ne, da safe ba komai ba ne, amma tsakanin sha biyu da la'asar yana iya kwantar da mutum. Duk abin da za a yi da ƙafa a yi shi kafin tara na safe ko bayan la'asar sakaliya, da hula a kai da ruwa a hannu. Jiri da ciwon kai da fitsari mai duhu alamar ruwan jiki ya yi ƙasa ne, a nemi inuwa a sha ruwa. Da hunturu kuma takunkumi da tabarau a kan babur. Ranar Juma'a hanyoyin kusa da masallacin Shehu da na Bello suna cushewa tun kafin azahar, haka dab da shan ruwa da azumi kowa gudu yake.

Idan nisan aikinka bai wuce kilomita biyar ba, keke na ƙafa yana yi, don yawancin hanyoyin ba su da hawa mai wahala. Abokan gabarsa ƙaya da ƙura ne. Ka guji gefen hanya mai ciyawa saboda tsidau, ka sa taya mai kauri, ka ajiye famfo a gida. Kada ka cika iska tam sannan ka jingine shi a rana, iskar tana buɗewa ta ɗaga tsohon faci. Sarƙa kuma kada a yi mata wanka da baƙin mai, ƙura tana mannewa ta cinye haƙoran. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge.

In kuwa lissafi ya nuna abin da kake ba 'yan kabu-kabu a shekara ya kusa kuɗin babur na hannu, ka saya. Ka tafi da bakanike, ku tayar da shi injin yana sanyi, ku duba hayaƙi, shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne. Ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a rasit, a rubuta takardar ciniki da shaidu, don baburan sata suna yawo. Matatar iska a riƙa wanke ta akai-akai lokacin hazo, in ta toshe zai riƙa shan mai yana kashe fulogi. A kan rairayi kada ka damƙe birkin gaba, ƙafar za ta zame. Ka sayi hular kwano, ka kuma ƙara sarƙa da kwaɗo bayan makullin wuya, a masallaci da kasuwa ka ajiye wajen masu gadi ka karɓi kati.

Ka rubuto unguwar da ofishinku yake da inda yara za su yi makaranta, sai 'yan zaure mu lissafa maka unguwannin da hawa ɗaya zai ishe ka.