Mun Sabunta Shafin Ƙungiya, Komai Ya Rikice: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, aikin sa kai ne, kuma a kan WordPress aka gina shi. Na ga sanarwar sabuntawa ta taru, sai na danna a sabunta komai gaba ɗaya. Shafin ya koma fari fat, sai layi ɗaya na Turanci da ke cewa an sami babbar matsala. Ko wajen shigar masu gudanarwa ba ya buɗuwa. Aikin shekaru ya tafi ke nan? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce ka yi asarar komai. Rubuce-rubucenku da sunayen mambobi suna cikin rumbun bayanai, hotuna kuma suna cikin foldarsu a saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Abin da ya tsaya shi ne manhajar da ke haɗa su ta nuna wa mai ziyara.

Shafin WordPress ba abu ɗaya ba ne. Akwai uwar manhajar, akwai jigon da ke ba shafin kamanninsa, akwai kuma filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa don fom ɗin rajista, hotuna, karɓar kuɗin ƙungiya da sauransu. Mutane daban-daban ne ke rubuta su, dukkansu kuma a kan PHP, wani harshen rubuta manhaja, suke tafiya. Idan uwar ta matsa gaba, wani filogin da mai shi ya daina kula da shi ya tsaya baya, shi kaɗai ya isa ya kayar da shafin. Wannan ya ƙara yawa tun fitowar PHP 8 a watan Nuwamban 2020, domin kurakurai da dama da tsohon zubi yake kawar wa kai, sabon ba ya yafe su. An kuma daina tallafa wa PHP 7.4 a Nuwamban 2022, shi ya sa kamfanonin da ke ba shafuka masauki suka riƙa tura abokan hulɗarsu zuwa sabon.

Fara da duba imel ɗin mai gudanar da shafin, har da akwatin tarkacen saƙonni. Tun zubi na 5.2 da ya fito a watan Mayun 2019, WordPress yana aika wasiƙa idan irin wannan ta faru, ya ambaci filogin ko jigon da ya jawo matsalar, ya kuma ba da mahaɗin shiga ta ƙofar gyara. Mahaɗin ba ya daɗewa, kwana ɗaya ne. A shafukan ƙungiyoyi, sau da yawa wasiƙar tana tafiya ne ga wanda ya gina shafin tun farko, wanda wataƙila ya daɗe da barin aikin. Neme shi a waya.

Idan ba a samu wasiƙar ba, shiga cPanel, wato wajen sarrafa shafi da kamfanin masauki ke bayarwa, buɗe File Manager, je public_html sannan wp-content. Za ka ga folda mai suna plugins. Kada ka goge ta, suna kawai za ka canza mata, misali plugins-tsoho. Idan shafin ya buɗe, ka san inda ciwon yake. Shiga wajen gudanarwa, buɗe jerin filogin don WordPress ya kashe su duka, mayar wa foldar sunanta na asali, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin. Wanda ka kunna shafin ya sake mutuwa, shi ne mai laifin. Aikin yana cin lokaci, amma ba na son ka yi gaggawar kunna uku uku, don za ka koma inda ka fito.

Idan hakan bai yi ba, jigon ne abin zargi na gaba. Akwai kuma hanyar da ta fi tabbas: a cikin fayil ɗin wp-config.php ka mai da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG zuwa true, ka sa WP_DEBUG_DISPLAY ya zama false. Kurakuran za su taru a fayil mai suna debug.log cikin wp-content, layukan ƙarshe kuma sukan nuna sunan foldar da matsalar ta fito. Da ka gama, kashe su.

Tambaya: Bayan sabuntawa, shafin namu yana fitowa daidai a wayata, amma a wayar shugabanmu a hargitse yake. Wasu labaran kuma in an danna sai lamba 404 ta fito.

Amsa: Biyun duka masu sauƙi ne. Burauzar shugaban tana riƙe da tsohon kwafin fayilolin shafin, tana gauraya su da sababbi. Ya share ajiyar wucin gadi ta Chrome, ko ya gwada buɗewa a Incognito. In kuna da filogin mai adana kwafi don saurin buɗewa, ko kuna amfani da Cloudflare, wanda shi ma yake adana kwafin shafi, a share can ma. Batun 404 kuwa, wato alamar ba a sami shafin da ake nema ba, je Settings, shiga Permalinks, danna maɓallin adanawa ba tare da ka canza komai ba. Yawanci shi ke nan.

Tambaya: Malam, ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata, da Hausa muke rubutu a shafinmu. Tun da aka yi gyara, haruffa masu lanƙwasa sun lalace, abin ya zama abin kunya. Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, wannan matsalar tamu ce, kuma waɗanda suka ƙera jigon ba lallai su taɓa ganinta ba. Abu biyu ke kawo ta, maganinsu kuma daban.

Kwafi kalma ɗaya da ta lalace ki liƙa a WhatsApp. Idan ƙ, ɗ da ɓ suka fito daidai a can, rubutunku lafiya lau yake, sabon jigon ne ya zo da salon haruffa da ba shi da su. Alamarsa ita ce ɗan akwati a madadin harafin, ko harafin ya fita daban da 'yan uwansa a girma ko kauri. A canza zuwa salon da ke ɗauke da su, kamar Noto Sans na Google ko Andika na SIL.

Idan kuwa kika ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, to tsarin karanta haruffa ne ya saɓa: an adana rubutun da UTF-8, ana karanta shi da wani tsohon tsari na harsunan Turai ta Yamma. Wannan ya fi faruwa idan an kwashe shafi zuwa sabuwar saba ko an dawo da rumbun bayanai daga ajiya. Ina roƙonki kada ki zauna gyara labarai da hannu, za ki ƙara cakuɗa su ne. Wanda ya yi aikin ya duba layin DB_CHARSET a wp-config.php ya ga ko ya dace da na rumbun. WordPress ya koma utf8mb4 tun zubi na 4.2 a 2015. In alamar tambaya ce zalla ta maye gurbin haruffan a cikin rumbun kansa, sai dai a nemo kwafin da aka ajiye kafin gyaran.

Tambaya: Mambobinmu sun fusata, suna cewa a koma tsohon tsari kuma kada a sake taɓa komai. Ni ma na gaji. Mu yi hakan?

Amsa: Ban goyi baya ba. Sabuntawa da yawa toshe kafar tsaro ce, kuma tsohon filogin da aka bari yana cikin manyan hanyoyin da masu kutse ke shigowa. Shafin da ke riƙe da sunaye da lambobin wayar mambobi amana ce. Abin da na yarda da shi shi ne a mayar da filogin ɗaya da ya kawo cikas zuwa zubinsa na baya, da filogin irin WP Rollback, na ɗan lokaci kafin a gyara shi ko a sami madadinsa. Masu WordPress ɗin ma sun yi irin wannan: a watan Agustan 2020 zubi na 5.5 ya daina loda jQuery Migrate, wata ƙaramar manhaja da tsofaffin filogin da jigogi suka dogara da ita, shafuka masu yawa suka sami matsala, sai suka fitar da Enable jQuery Migrate Helper don mutane su samu sararin gyara.

Nan gaba, a ɗauki cikakken kwafi kafin a taɓa komai, fayiloli da rumbun bayanai duka. Filogin UpdraftPlus yana iya aika shi Google Drive. A gwada sabuntawar a kwafin gwaji tukuna, kamfanonin masauki da yawa suna ba da wannan. A yi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ana gobe taron shekara ko ana tsakiyar rajista ba.

Su kuma mambobi, a faɗa musu gaskiya: an yi gyara, ga abin da ke aiki, ga wanda bai dawo ba tukuna. A roƙe su duk wanda ya ga matsala ya turo hoton fuskar wayarsa, ya faɗi wane sashe ne da irin wayar da yake riƙe da ita, don "shafi ba ya yi" ba ya taimaka wa mai gyara da komai.

Gajiyar da ka ambata ita ta fi damuna. Bai dace mutum ɗaya ya ɗauki wannan nauyi a kyauta, kuma ya sha zargi shi kaɗai ba. Kai maganar gaban shugabanni a zama na gaba: a buɗe imel na ƙungiya a mai da shi na mai gudanarwa, a ba mutum na biyu amintacce asusunsa na shiga, a rubuta sunayen filogin da amfanin kowanne, a kuma ware ɗan kuɗi a kasafin shekara don kiran ƙwararre idan abin ya fi ƙarfinku.