Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haɗa 'Yar Kyanwa da Kwikwiyo a Gida Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna shirin karɓo 'yar kyanwa mai mako 9 daga gidan kula da dabbobin da ba su da masu, amma muna da kwikwiyo ɗan wata 4 mai ƙiriniya. Yaya zan haɗa su bai ji mata ciwo ba? Daga wata mai karatu a Birmingham, Ingila.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun a can ki faɗa musu kina da kwikwiyo, don su ne suka san wadda ba ta da tsoro. Ki karɓi katin lafiyarta: allurar riga-kafi ta farko a mako 8 ko 9 ake yi, ta biyu bayan mako 3 zuwa 4. Ki tambaya ko an sa mata 'yar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata, domin tun 10 ga Yunin 2024 dokar Ingila ta wajabta ta kafin kyanwa ta cika mako 20. Abincin da ta saba da shi za ki ci gaba da ba ta. In za ki canza, ki riƙa cuɗa sabo da tsoho na tsawon mako guda, in ba haka ba zawo zai biyo baya.

Ranar da ta iso, kada su ga juna. Ki ware mata ɗaki mai ƙofa, da ruwa, da abinci, da wurin ɓuya, da tiren yashin bahaya nesa da kwanonta. Ta yi kwana 3 zuwa mako a nan. Dabba da hanci take fara sanin baƙo, saboda haka ki goga ƙyalle a kumatunta ki kai wa kwikwiyon ya shinshina, nasa ma ki kawo mata. Ki riƙa ciyar da su lokaci ɗaya, ƙofa a rufe tsakaninsu.

Haɗuwar farko ita ce wurin da aka fi ɓata lamari. Ki fara gajiyar da shi da wasa, ki sa masa igiya, ita kuma ki bar ta a ƙasa. Kada ki rungume ta ki miƙa masa: in ta rasa hanyar gudu, ke za ta yagusa, ko ta kai masa farce a ido. Minti 5 ya isa, sau 2 ko 3 a rana. Duk lokacin da ya dube ta ya kau da kai, ki ba shi ɗan abin taunawa. In ta yi huci ta gantsare baya, ba komai, iyaka take shata masa. Abin tsoro shi ne ya ƙame, ya ƙura mata ido, ya fara sanɗa. Nan take ki janye shi, ku koma matakin ƙofa.

Kada ki bari ya kore ta ko sau ɗaya, domin daɗin tseren zai zame masa ɗabi'a. Nauyinta a wannan lokaci bai wuce kilo ɗaya ba, cizon wasa ma yana iya halaka ta. Ki tanadar mata kanta ko tebur da za ta haye, kuma kada a bar su su kaɗai sai an yi makonni ba a ga kora ba.

Kwanonta ya zauna a sama, tiren yashi kuma inda bai isa ba, don karnuka na cin kashin kyanwa. Ita ma kada ta dogara da abincinsa, sinadarin da ake kira taurine, wanda zuciyarta da idonta ke buƙata, bai wadata a ciki ba. Madarar shanu, duk da al'adar mutane, zawo take sa ta. Maganin ƙuma na kare mai ɗauke da sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa, haka ma farasitamol. In ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, sai wurin likitan dabbobi.