Lambun rubutu a intanet: ba komai ake shukawa a bakin hanya ba

Tambaya: Salam Malam. Kana yawan ambaton lambun dijital. Me ya bambanta shi da abin da nake sakawa a Facebook? Ɗalibi, Yalwa, Bauchi.

Amsa: Na Facebook ruwan rafi ne, na jiya ya wuce. Lambu kuwa shafinka ne na kanka, ka koma ka gyara rubutun bara, ka ƙulla wannan da wancan. Mike Caulfield ne ya yi wannan kwatance na lambu da rafi a 2015. Ka rubuta da Markdown (salon rubutu mai sauƙin alamomi) a manhajar ajiye rubutu ta Obsidian, manhajar gina shafi irin Hugo ko Quartz ta mayar maka da shi HTML, wato shafin intanet, ka ɗora kyauta a GitHub Pages, sashen ɗora shafuka na GitHub, dandalin ajiye fayiloli a intanet. Tunda shafukan a gine suke tun farko, ko netwok na sanda ɗaya yana buɗe su.

Tambaya: Na tura dukkan foldata ta Obsidian zuwa GitHub, sai daga baya na lura akwai hoton takardar NIN ɗina da lissafin adashinmu a ciki. Na goge su. Shi ke nan ko? Malamar makaranta, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ina! Malama, ba shi ke nan ba. Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci. Aikin Git kenan, manhajar da GitHub ke aiki da ita, ya riƙe tarihin kowane canji. Abin da kika goge ya ɓace daga shafin ne kawai, amma duk wanda ya leƙa tarihin ma'ajiyar (foldar taki da ke GitHub) zai ga hoton nan daram, da sunayen 'yan adashi da wadda ba ta zuba na watan jiya ba. Kuma asusun GitHub na kyauta ba ya ɗora shafi sai daga ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa.

Wasu ma cewa suke sun rubuta draft: true (alamar ba a gama rubutun ba) a saman fayil, don haka ya ɓuya. Hugo ne kawai ya ƙi gina shi. Fayil ɗin yana nan zaune a GitHub, kamar wanda ya kulle ƙofar zaure ya bar katanga a rushe.

Ki goge ma'ajiyar gaba ɗayanta yau ɗin nan, ki buɗe sabuwa. Idan akwai kalmar sirri a cikin rubutun, ki canza ta, kada ki ce sai gobe. Ki duba Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin shafukan intanet, ko ya riga ya ɗauki hoton shafin. Idan wani ya kwafa kafin ki farga, to sai addu'a. Matan adashi kuma ki faɗa musu da bakinki, gara su ji daga gare ki.

Ni folda biyu gare ni, na sa wa ɗaya suna "lambu", ɗaya "ɗaka". Abin da ke ɗaka ba ya taɓa ganin Git, kuma da hannu nake kwashe rubutu zuwa lambu, ɗaya bayan ɗaya, bayan ya kwana. A ce mini ɗan gargajiya, na yarda. In kin fi son ma'ajiya rufaffiya, Cloudflare Pages da Netlify, masu ɗora shafi irin GitHub Pages, suna ginawa daga cikinta kyauta, amma duk da haka takardar NIN ba ta da hurumi a can.

Tambaya: Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa kamar ƙananan akwatuna a shafina. Daga Azare.

Amsa: Font ɗinka, wato salon haruffan shafin, shi ne bai san Hausa ba. Sa font ɗin Noto Sans, ka tabbata an adana fayil da tsarin haruffa na UTF-8. Sunan fayil kuma rubuta shi ba haruffa masu lanƙwasa.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, waya kawai. Kuma wane sunan shafi zan saya, .com ko .com.ng? Daga Kumo.

Amsa: Waya ta isa. Sauke Termux, manhajar rubuta umarni a wayar Android, daga rumbun manhajoji na F-Droid ka sa Hugo a ciki, ko ka gyara fayil kai tsaye a github.com. Batun suna kuwa, ƙanena, ko iri ba ka saya ba kana cinikin shinge? Rubuta bayani goma tukuna, ka dawo mu yi maganar.