Me ya sa gishiri ke farfashewa, zinariya kuma ta lanƙwasu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sakandare a nan Jidda. An koya mana ire-iren ɗaurin da ke haɗa ƙwayoyin zarra, na haddace sunayensu amma har yau ban gane bambancinsu ba. A taimaka mini.

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara basira. Ajiye haddar tukuna, ki sa ido a kan elektiron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke zagayen waje na ƙwayar zarra, don a kansu maganar take gaba ɗaya.

Mu fara da gishirin miya, wanda haɗin sodiyam da kulorin ne. Sodiyam na da elektiron 1 a waje, kulorin na da 7, saura guda ya cika 8, adadin da ke cika zagayensa na waje. Sai sodiyam ya sallama wa kulorin nasa. Daga nan cajinsu ya zama kishiyar juna, sai su janyo juna da ƙarfi. Ɗaurin ayonik ke nan. Kuma ba bibbiyu suke zama ba: kowane sodiyam kulorin 6 ne ke kewaye da shi, sahu-sahu, shi ya sa wuta ba ta narkar da gishiri sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas. Amma ki daka shi a turmi, sahu ɗaya ya goce, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, nan take su tunkuɗe juna ya tarwatse. Ruwa kuwa shiga tsakaninsu yake ya rarraba su, kamar yadda suke warwatse a Bahar Maliya, inda tashar Shu'aiba ke tace ruwan da ake sha a Makka da Jidda.

A ɗaurin kobalent ba mai sallamawa, tarayya ake yi a kan elektiron biyu-biyu, yadda masanin kimiyya Gilbert Lewis ya bayyana a 1916. Haka oksijin ke riƙe haidurojin 2 a ƙwayar ruwa. Ki kula sosai a nan, don ɗalibai na yawan zamewa: in ruwa ya tafasa, wannan ɗauri bai tsinke ba. Ɗaurin haidurojin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ne ya saki, shi kuwa mai rauni ne.

Ƙarafa kuma elektiron ɗinsu na waje yawo suke cikin ƙarfen duka, babu mai su, kuma su ne ke riƙe ƙwayoyin zarrar tare. Don haka maƙerin zinariya a kasuwar Balad ta Jidda zai yi ta bugun awarwaro, sahu ya goce ba tare da ɗaurin ya tsinke ba, kuma wayar jan ƙarfe ke ɗaukar lantarki har ɗakinki.