Sabon fim ɗin kaboyi yana kamo ƙafar na da?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fina-finan kaboyi da ake sake yi sun cancanci a zaƙu da jiransu. Ni dai sunan darakta nake fara dubawa. Ɗauki True Grit: na 1969 shi ya ba jarumin fim John Wayne kyautar Oscar, amma na 2010 da 'yan'uwan nan daraktoci, su Coen, suka shirya ya fi kwanta mini a rai. Yarinyar da ke farautar wanda ya kashe mahaifinta ita ta riƙe labarin, ka ga yadda ta ƙure dattijo wajen cinikin dawaki, baki kamar reza! The Magnificent Seven na 2016 kuwa, duk da jarumi Denzel Washington na ciki, harbe-harbe ne zalla. Ƙura na lafawa na manta da shi.