Amsa ga 'yar'uwar da aka sake kama ɗanta da giya

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na ɗan zauna shiru. Ɗanki mai shekara 19, an kama shi da giya karo na biyu a wajen fati, ranar kotu ta matso, kina tambaya ko ya amsa laifi kawai ku biya tara a wuce wurin. Ni ma ta nan na bi da nawa, a nan Texas ɗin. Don Allah kada ya amsa komai sai kun zauna da lauya.

Karon farko ni ban ma sani ba. Baffansa, wan mijina, shi ya kai shi kotu a ɓoye. Ya ce masa, "Kai dai ka ce ka yi, in biya kuɗin, mu rufa wa gidanmu asiri, kada uwarka ta ji hawan jininta ya tashi." Yaro ya tsaya gaban alƙali ya ce ya yi. Aka dakatar da lasisin tuƙinsa kwana 30. Wata guda cur ina kai shi makaranta da motata, yana ce min tasa ce ta lalace, ni kuma kamar wawuya har ina tambayarsa me bakanike ya ce.

Ranar da na ji gaskiya kuwa, bayan an sake kama shi, ba zan manta ba. Muna zaune a kan benci a barandar kotu, na yi lulluɓina, carbi a hannu, ina ta haddace abin da zan ce: yaron kirki ne, bai taɓa yi ba. Mai gabatar da ƙara ta fito da fayil, ta buɗe, ta ce ai wannan na biyu ne. Na ce kin yi kuskure. Ta juyo min da takardar, ga sunansa, ga kwanan wata. Na waiwaya, yaron nan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Baffan nasa kuwa har yau bai ce min yi haƙuri ba. Cewa ya yi taimako ya yi. Mutumin da ya ci tuwona sau nawa a cikin shekarar nan, yana kallon idona! Kuma matarsa ce ta fara kai zancen wajen walima, wato asirin da aka ce za a rufa ni kaɗai aka rufe wa.

To bari in dawo kanki. Sun ɗauki abin a ƙaramin laifi, tararsa ba ta wuce dala 500, shi ya sa kotu ba za ta ba shi lauya kyauta ba, ku za ku nema. Amma hawa-hawa ne. A karo na biyu, in aka same shi da laifi, lasisi zai tafi kwana 60, ga aikin al'umma na awa 20 zuwa 40. Na uku shi ne abin tsoro, tunda ya kai 17: tara daga dala 250 zuwa 2,000, ko ɗauri har kwana 180, ko duka biyun.

Lauyanmu ya roƙa mana abin da suke kira difad, wato alƙali ya jingine hukunci na wasu watanni, in yaro ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar. Ya samu, alhamdu lillahi. Ya yi ajin wayar da kai kan barasa, ya yi awanninsa a wurin rabon abinci ga mabuƙata, yana dawowa da warin albasa a riga. Sai dai lauyan ya gargaɗe mu cewa ko an kori ƙarar, in aka sake kama shi za a lissafa ta, ya zama na uku. Ya kuma ce dokar goge laifin giya idan yaro ya cika 21 ta wanda aka samu da laifi sau ɗaya ce kacal. Kin ga in ɗanki ya amsa na farko, ya sake amsa wannan, ƙofar ta rufe. Ki fara bincika yadda na farkon ya ƙare, ki karɓi takardar daga kotu da hannunki, kada ki tsaya a kan abin da aka gaya miki.

Shin ɗan ƙasa ne ko katin zama yake da shi? In katin zama ne, ku ga lauyan shige da fice ma, don takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko an taɓa kama mutum ko an ba shi sammaci. Kuma ko ana ruwan ƙanƙara kada ya tsallake ranar kotu, sai a ba da umarnin kamo shi.

Wani abu da na gaya wa nawa, ko da yake da kyar ya fito daga bakina a matsayina na uwa Musulma: in wani cikin abokansa ya sha ya faɗi ba ya motsi, ya kira 911, lambar agajin gaggawa, ya tsaya tare da shi. Doka tana kare wanda ya fara kira ya kuma jira. Na fi son in ji kunya da in je gaisuwar ɗan wata.

Ni dai na yi wata biyu ba na masa magana, abinci kawai nake ajiye masa. Na yi nadamar wannan. Daga baya a mota ya faɗa min tun yana sakandare ya fara, don kada a ce shi baƙauye ne. Mahaifinsa so ya yi a tura shi gida wurin kakarsa, na ce ba inda za shi da shari'a a kansa. Yanzu yana 22, tare suke zuwa Juma'a da uban. Baffan ne dai har gobe in ya shigo nake shigewa ɗaki.

Ranar kotun ki sa shi ya sa riga mai kwala, ku isa da wuri, ki riƙe ruwa a jaka, jira ake yi sosai. Allah Ya shirya mana su.