Yadda unguwar masu fasaha ke kafuwa a Kaduna

Malam, ka tambaya ko tara teloli, masu zane-zane da masu ɗaukar hoto wuri guda zai iya farfaɗo da unguwa kamar Kakuri, wadda ta yi sanyi tun da masaƙu irin su Kaduna Textiles Limited (KTL) suka rufe. Zai iya, amma ba da fenti da allon suna ake farawa ba.

Dubi tsohuwar kasuwar Panteka a Kaduna. Maƙera da masu walda suka taru, kowa na sayen ƙarfe wurin maƙwabcinsa, sai mai shayi da mai abinci suka biyo, sannan yara masu koyon sana'a.

Abu na farko haya ce mai sauƙi kuma mai tsawo. A samu tsohon sito, a rubuta yarjejeniyar shekara 5 zuwa 10 gaban lauya, a tantance takardun filin a KADGIS (hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna), a nemi izinin sauya amfanin gini a KASUPDA (hukumar tsara birane ta jihar). A yanka shi shaguna 15 zuwa 20. Sai wuta: masu walda su samu layinsu daban, domin injinsu na jan wuta har kwamfutar mai haɗa bidiyo ta riƙa mutuwa. Fitilun sola a titi kuwa su ke sa mata su zo sayayya bayan magariba.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan wuri ya yi suna. Masu gida su ninka haya, waɗanda suka raya wurin su tattara nasu ya nasu. Shi ya sa ƙungiyar masu sana'ar ce ya kamata ta riƙe hayar, a kuma rubuta iyakar ƙarin kuɗi tun farko, da sanin mai unguwa.